Neman shawara: Ko ya dace yara su kalli fim ɗin fatalwa mai barkwanci?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Babban ɗana mai shekara 13 ya matsa mini in bar shi ya kalli wani fim ɗin Indiya mai suna Bhool Bhulaiyaa tare da ƙannensa, ɗaya mai shekara 9, autar kuma mai shekara 6. Hujjarsa ita ce fim ɗin barkwanci ne, kuma abokansa duk sun kalli fassarar Hausa, amma ni abin da na ji shi ne labarin fatalwa ne a wani tsohon gidan sarauta. Don Allah wanda ya san abin da ke cikinsa ya yi mini bayani, ya kuma faɗa mini ko dariyar tana rage wa ƙaramin yaro tsoro.

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan na farkon kike nufi, wanda ya fito a 2007 da Akshay Kumar da Vidya Balan, to yaron bai yi ƙarya ba, sai dai rabin gaskiya ya faɗa miki. Farkonsa raha ce ta 'yan gida matsorata da ke firgita da kowane motsi, amma da labarin ya yi nisa sai dariyar ta ja da baya. Ana ba da tarihin wani sarki da ya sare kan saurayin wata mai rawa, Manjulika, ita kuma ta rataye kanta. Daga baya amaryar gidan tana fitowa cikin dare da gashi a barbaje, kwalli ya dame mata fuska, tana magana da wata irin murya tana neman ran mijinta. A ƙarshe likita ya gano cewa taɓin ƙwaƙwalwa ne ke damunta, babu wata fatalwa, to amma wannan bayani sai da fim ɗin ya yi nisa sosai yake zuwa.

Malama Rabi:
Hajiya, ni malamar firamare ce, kuma shawarata ita ce ki raba yaran nan uku, domin ba abu ɗaya suke gani a fim ɗaya ba. Yaron da bai kai shekara 7 ba kamannin abu ke tsorata shi, kuma bai gama rarrabe wasa da gaske ba, shi ya sa ko an ce masa kwalliya ce kawai aka yi wa matar, maganar ba ta shigarsa. Barkwancin kuma yawancinsa na baki ne da habaici, wanda babba ke ganewa, ita kuwa auta fuskar da muryar kaɗai za ta kwasa ta tafi da su shimfiɗa. Mai shekara 9 ya san fim ƙirƙira ne, amma a shekarunsa abin da zai iya faruwa da gaske ya fi damun yaro, kuma mace ta juye ta nemi kashe mijinta a cikin gida yana daga cikin irin wannan. Na shekara 13 zai iya kallo idan kina kusa.

Kawu Sale:
Ni dai ina ganin kada mu tsananta, 'yata. Da tatsuniyar Dodo aka raine mu, a tsakar gida cikin duhu, kuma ba mu lalace ba. Ɗan tsoro kaɗan yana koya wa yaro dakiya.

Malama Rabi:
Gaskiya ne, Kawu, amma a tatsuniya yaro ne ke zana Dodonsa gwargwadon abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka, kuma kakar da ke ba da labarin tana kallon fuskarsa, idan ta ga ya tsure sai ta sassauta ko ta sako Gizo. Fim ba ya duban fuskar kowa, ga kuma kiɗan da aka tsara musamman domin ya sa gaba ya faɗi.

Malam Habibu:
Akwai ɓangaren aƙida da bai kamata a tsallake ba. A Musulunci wanda ya rasu yana barzahu, ba ya dawowa ya zaga gida domin ɗaukar fansa, alhali aljanu gaskiya ne, kuma yaranmu suna jin labarinsu kullum. Yaro kan haɗa biyun ya ɗauka cewa mamaci na iya shiga jikin mutum, musamman da yake fim ɗin yana nuna wasu ayyukan ibadar addinin Hindu wajen neman waraka. Idan babban zai kalla, ki zauna da shi ku tattauna wannan, ki kuma nuna masa cewa mai taɓin ƙwaƙwalwa mara lafiya ne da ke bukatar asibiti da tausayawa.

Anti Bilki:
Ƙarin da zan yi shi ne game da alamar shekaru. Hukumar tace fina-finai ta Indiya tana sa U ga fim ɗin kowa da kowa, U/A ga wanda yara ke bukatar kulawar iyaye, A kuma ga na manya, haka ma hukumar Najeriya tana da nata alamomin irin su PG (mai bukatar kulawar iyaye) da na shekara 12 da 15 da 18. Matsalar ita ce wanda ake turawa a waya daga shago sau da yawa ba ya zuwa da wannan alama, kuma raha da masu fassara ke ƙarawa tana sa a ɗauka na yara ne. Ki fara kallonsa ke kaɗai, musamman awa ɗaya ta ƙarshe. Idan kin yarda babban ya gani, ya kasance da rana a falo, lokacin da ƙannen suna Islamiyya, kuma ki ja masa kunne kada ya riƙa kwaikwayon muryar matar yana tsorata su da dare.