Neman kalmar Hausa: "ajiye" iskar kabon ake yi ko "binne" ta?

'Yan'uwa masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo, ina so mu tsayar da magana a kan fasahar nan da ake taƙaita sunanta da CCS, wadda fassararta kai tsaye ita ce "kamawa da ajiye iskar kabon", wato iskar nan da ke fita cikin hayaƙin masana'antu tana ɗumama duniya. Ni dai kalmomin nan biyu ba su kwanta mini ba.

Mu duba abin da ake yi tukuna. A tashar lantarki ta Hellisheiði da ke ƙasar Aislan, masana daga Jami'ar Aislan da Jami'ar Kolambiya ta Amurka da abokan aikinsu sun narkar da iskar kabon a cikin ruwa a 2012, suka tura ta cikin baƙin dutsen da aman wuta ya bari a ƙarƙashin ƙasa, kuma sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 95 cikin ɗari na iskar ya sandare ya zama dutse kafin a cika shekara biyu. A filin haƙar gas na Sleipner da ke tekun ƙasar Nowe ma, tun 1996 ake cusa ta cikin dutsen yashi a ƙarƙashin teku.

To, Bahaushe ya ce ajiya maganin wata rana, wato duk abin da aka ajiye akwai ranar ɗauko shi, alhali nasarar wannan aiki ita ce kada iskar ta sake fitowa har abada. "Adanawa" kuma ta fi dacewa da abu mai daraja. Na san wasu za su ƙi "binnewa" saboda tana tuna mutuwa, amma ai shara ma binne ta ake yi, kuma ita ce kalmar da mai sauraro zai ji ya fahimci cewa abin ya tafi ke nan.

"Kamawa" kuwa ba ta bayyana komai ba. Hayaƙin masana'anta gauraye yake da wasu iskoki, sai an bi da shi ta cikin sinadari a ware kabon ɗin, kuma wannan tacewa ce.

Saboda haka ina ba da shawarar mu riƙa cewa "tace iskar kabon da binne ta". Sai dai akwai inda ake tura iskar cikin tsofaffin rijiyoyin mai domin a ƙara tatso man fetur, kamar yadda ake yi a Amurka, kuma ina ganin wannan yana buƙatar nasa sunan daban, domin manufarsa ta farko haƙo mai ce. Malamanmu na sashen kimiyyar ƙasa, muna jiran gyaranku.