Magana zarar bunu: ta Biden ta koma ko ba ta koma ba?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum. Jiya da dare a fadarmu saura kaɗan a ɓarar da shayi kan karin maganar ga. Kun ji ta Biden, shugaban Amurka a lokacin, ranar 26 ga Maris 2022 a Warso, babban birnin Poland, da ya rufe jawabinshi kan yaƙin Yukren da cewa don Allah mutumin nan, wai Putin, ba shi yiwuwa ya ci gaba da mulki. Babu ita cikin takardar da anka rubuta mashi. Kafin jama'a su watse fadar White House ta ce ba sauyin mulki a Rasha yake nufi ba. Yayana ya ce an gyara, shi ke nan. Kawu ya ce magana zarar bunu ce. Yaya ya ce wagga ta talaka ce, mai mulki yana da masu maida mashi bunu. Wa ad da gaskiya?

Malam Na Tibiri:
Kawunku. In ta komu, mi ya sa Peskov, kakakin Putin, ya maida martani cewa 'yan Rasha ke zaɓen shugabansu, ba Biden ba? Wanda anka yi domin shi ya riga ya ji.

Mai Kabu-kabu:
Ni ba haka na santa ba, Malam. Ka zari ɗaya, goma su biyo ta, ɗaki ya kama zuba. Duba ma, kwana 2 bayan nan Biden da kanshi ya ce bai janye komi ba, ɓacin ranshi ne ya faɗa. Wani zarin ne ya ƙara.

Hajiya Ta Zariya:
Kun tuna mani da kakata, Allah ji ƙanta. Tana soya ƙuli-ƙuli a Maradawa aka zo neman auren gwaggona. Ba ta san ƙanwar uban yaron tana zaure ba, ta ce da ƙarfi, gidan da ko akuya ba su ɗaure ba za su riƙe mani ɗiya? Kakana kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da safe ya aika da goro ashirin da kwalbar man gyaɗa, a ce tsohuwa da kishiyarta take. Matar ta amshi goro, ta ɓare, ta tauna, ta ce wa ɗan aike: goro ya shiga, magana tana waje. An yi auren hwa. Amma duk sunan da anka yi a gidan, sai a ɗaure akuya bakin ƙofa inda kakata za ta wuce. Haihuwa bakwai, akuya bakwai. Har ta rasu ba ta yarda ta yi kuskure ba, cewa take ita ta sa su kiwo.

Mai Kabu-kabu:
Hajiya, kenan tsohuwa ta ci riba! Wannan ba zarar bunu ba ce, jari ne.

Hajiya Ta Zariya:
Kai dai, ɗan nan. Gwaggona ce ta sha gorin.

Sarkin Fawan Group:
Ni ƙarata daban. Ranar nan Biden ya kira Putin mahauci, har Macron, shugaban Faransa, ya ce shi ba ya faɗin haka tunda yana magana da mutumin. Mi munka yi? Azumi na tafe, ku zo neman nama bashi mu gani.

Ɗiyar Madarunfa:
Aƙalla shi Biden daga cikinshi ta hito. Namu na nan gida takarda suke karantawa a mitin, rijiya, hanya, taki, bayan zaɓe a ce ba a taɓa faɗa ba. Wani tun yaushe garinmu yake binshi bashin kwalta.

Malam Na Tibiri:
Su rufin kwano gare su, ɗiyata, ina za su ga bunu.

Ɗan Bagalam:
Na karanta ma Yaya duka. Ya ce akuyar ce kawai ta shige mashi. Kawu kuma ya sauya, yanzu baki shi ka yanka wuya yake ja, wai a buɗe mata nata zance. Mai Kabu-kabu, yau sukari kanka yake.