A taimaka da kalma: me za a kira slow cooker da Hausa? Gobe da safe zan shiga ɗaukar shiri

Maman Nusaiba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Gobe Alhamis ƙarfe goma zan ɗauki shirin girke-girke, kuma kalma guda ta tsaya mini a wuya. Girkin wannan mako dankalin turawa ne mai kayan ƙamshi, a cikin tukunyar nan da ake kira slow cooker. Ga wanda bai taɓa ganinta ba: tukunyar tangaran ce mai kauri, zaune a cikin gidanta na ƙarfe, da murfin gilashi, ana jona ta a lantarki. Ba ta ɓararraka abinci, zafi kaɗan-kaɗan take saki na awoyi.

Ga girkin don ku gane. Ƙananan dankali kilo ɗaya da rabi, a wanke tas, ba a ferewa, a raba biyu. Man zaitun cokali uku, tafarnuwa sala huɗu a daka, gishiri, masoro, garin tattasai, tayim. A cakuɗe a cikin tukunyar, ko ɗigon ruwa ba a sawa, ruwan jikin dankalin ya isa. Awa uku zuwa huɗu a babbar wuta, ko wajen shida a ƙarama. In ya yi luguf a jefa ɗan bota.

Ba zan iya cewa "sulo kuka" a iska ba. Na gwada wa yarinyar da ke taya ni aiki, ta ce Anti wace irin kuka ce, ta miya? Sannan akwai side dish, wato abincin da ake ajiyewa a gefen babban abinci, shi ma ina neman sunansa.

Tuzuru Mai Risho:
Tukunyar lantarki, shi ke nan. Me ya yi zafi.

Maman Nusaiba:
Ƙanena, ai ta dafa shinkafa ma tukunyar lantarki ce, haka mai hucin nan ta dafa wake cikin minti talatin. In na ce haka wata za ta zuba dankalinta a ta shinkafa ta tafi unguwa, ta dawo ta tarar da gawayi, ta bugo waya ta zage ni.

Malam Tsoho da Alli:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin ba shi da wuya in aka bi ƙa'ida. Sunan kayan aiki a Hausa yana da ginin da aka sani: ma- a gaba, -i a ƙarshe. Mabuɗi, maburgi, matankaɗi, madambaci. Aikatau ya rage mu samo, kuma muna da shi. In mace ta gama tuƙa tuwo ta janye itace ta rufe, cewa take bari ya sulala. Dahuwa ce a kan zafi kaɗan, a rufe, da tururin abincin kansa, ba a taɓawa. Daidai aikin wannan tukunya ke nan. Saboda haka: masulali. Namiji ne, jam'i masulalai. Kada a ce masulala, don -a ta wuri ce, kamar marina da mahauta. Ki faɗa sau uku a shirinki, zai zauna.

Antin Farin Gada:
Allah gafarta Malam, ginin ya yi kyau amma da alama ba ka taɓa tsayawa a kan tuwo ba. Sulala ƙarshen aiki ne. Minti biyar, goma, an sauke. Ba wanda ke ɗora ɗanyen abu ya ce zai sulala shi awa shida. Mace ta ji masulali, abin da zai zo mata a rai madambaci ne ko gwagwar turara alale, za ta nemi inda ake zuba ruwa a ƙasa.

Maman Nusaiba, in za ki yi girkin nan nemi sabon dankali ƙanana mai siririn ɓawo, irin na Bokkos ko Mangu. Tsoho mai tsiro ba ya daɗi da ɓawonsa. Kuma ki gaya musu su shimfiɗa tsumma mai tsabta a ƙarƙashin murfin, in ba haka ba gumin murfin ya dinga ɗiga dankalin ya yi lamɓas. Mu nan arish muke ce masa a kasuwa, kada Malam ya ji.

Malam Tsoho da Alli:
Na ji. Arish kuma, alhali asalin abin daga duwatsun Andes na Kudancin Amurka yake, ba Ailan ba. Wannan shi ne illar aro da ka. Game da sulala, ma'ana tana faɗaɗa, Hajiya. Jirgi da can na ruwa ne kawai, yau yana tashi sama. Yanar gizo ta tautau ce, yau ga mu a cikinta.

Tuzuru Mai Risho:
Masulali kamar sunan ɓarawon da ya sulale daga hannun 'yan banga. Ni ga tawa: ɗora-ki-manta.

Malam Tsoho da Alli:
Karin sauti ya raba su, yaro. Sunan kayan aiki sama yake tafiya daga farko har ƙarshe, kamar mabuɗi. Na mai aikatawa yana faɗuwa a tsakiya, kamar maɗinki. A rediyo za a faɗa, kunne zai bambance.

Antin Farin Gada:
Ɗora-ki-manta? Wato mu ne masu mantuwa da girki ko? Sunan da zai sa surukai su ce ga tukunyar malalata ta shigo gari. Kuma me ya sa "ki"? Ku tuzurai kun fi kowa bukatarta.

Tuzuru Mai Risho:
Afuwa Anti. To a-ɗora-a-manta. Kamar a-daidaita-sahu da a-kori-kura da a-ci-balbal. Waɗannan ba wani kwamiti da ya zauna ya haife su, titi ne, kuma ga su nan da ransu. Na'ura mai ƙwaƙwalwa fa? Sai a labarai. Je ka kasuwar waya ka ce a gyara maka na'ura mai ƙwaƙwalwa ka ga kallon da za a yi maka.

Hajiya daga Amurka:
Sallama gare ku. Nan ko Turawan ba kowa ke cewa slow cooker ba, Crock-Pot suke cewa, wanda sunan haja ne, kamar yadda muka mai da kowane dunƙule magi, kowane garin sabulu omo. Wani Bayahude ne a Chicago mai suna Irving Naxon ya ƙera ta, ya samu takardar mallakar fasahar a 1940. Tunanin ya samo asali daga wani abincin Yahudawa, cholent, da ake ɗorawa tun yammacin Juma'a ya kwana yana dahuwa, don ba sa kunna wuta ran Asabar. Kamfanin Rival ya sayi kamfaninsa, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971. Ni abin da ta fi tuna mini shi ne kan rago da ƙafa bayan Babbar Sallah, da iyayenmu ke barinsu a kan garwashi su kwana. In akwai sunan wannan dahuwar, shi ya kamata a ɗauka.

Maman Nusaiba don Allah ki ja kunnen masu saurare: wadda aka kawo tsaraba daga nan ta wutar 120 ce, ta gida kuwa 230. A jona kai tsaye ta ƙone. Ta Ingila ba matsala. Sannan buɗe murfi a kai a kai yana mai da dahuwa baya sosai, sau ɗaya a juya ya isa. Kuma dankalin ba zai yi ƙamas-ƙamas kamar soyayye ba, kada su sa rai.

Malam Tsoho da Alli:
Kun gani? Omo, magi, yanzu kuma za a kawo mana kurokfot. Haka harshe ke mutuwa a tsaye. Tun 1934 Baturen nan Bargery ya tara a ƙamusunsa na Hausa kalmomin da yau rabinsu ba ma sani. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, ta bayyana wa mutane yaƙin duniya da Hausa tsantsa. An kafa Hukumar Hausa a 1955 don irin wannan aiki. Su ba su yi kasala ba, mu ne tukunya guda ta gagare mu.

Basakkwace:
Allah shi gafarta Malam, wagga Hausa tsantsa da kaka faɗi, ta wa ta? Kananci na kunka ɗauka kunka naɗa mai rawani, kunka ce shi ad daidai, saura duk karin harshe. Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta da Hausa tun ba a san boko ba, ba ta jira hukuma ba. Yanzu kowace kalma sai an kai ta jami'a an buga mata hatimi?

Malam Tsoho da Alli:
Ni Bazazzagi ne, ba Bakano ba, a bar ɗora mini laifin Kano.

Basakkwace:
Ai duk Gabas ta.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri in shiga. Malam, rishon da kowa ke faɗi daga Faransanci ya zo, réchaud. Albasa Larabci ce. Bokiti Turanci. Ba wanda Hausarsa ta mutu don ya soya albasa a kan risho. Amma a nan ina bayanka kaɗan: Faransawa da abin ya zo musu ba su ara ba, mijoteuse suka ce, daga aikatau ɗinsu na dahuwa a kan ƙaramar wuta. Daidai hanyar da ka bi. Matsalar kawai, Anti ta ce aikatau ɗin bai dace ba, kuma ita ke girki.

Maman Nusaiba:
Jama'a ƙarfe sha ɗaya na dare, ban rubuta ko layi ɗaya ba, kuna can kuna rabon Sakkwato da Kano. Side dish fa? Ba wanda ya ce uffan.

Antin Farin Gada:
Mahaɗi.

Hajiya daga Amurka:
Mahaɗi shi ne abin da ba a cin abinci sai da shi, kamar miya ga tuwo. Wannan kuwa gefe ake ajiye shi kusa da gasasshiyar kaza ko kifi, in babu shi ma an ci. Ni 'yan rakiya nake ce wa irinsu a gidana.

Tuzuru Mai Risho:
Kilo ɗaya da rabi na dankali ne ɗan rakiya? A ɗakina shi ne ango.

Malam Tsoho da Alli:
Ɗan rakiya ya yi, ba ni da ja. Ku ma ku karɓi masulali a wuce wurin.

Antin Farin Gada:
A'a Malam, ba ciniki muke ba. Maman Nusaiba, ki ce tukunyar dahuwar sannu. Kowa ya san tukunya, kowa ya san dahuwa, kowa ya san sannu. Maɓallan nan uku kuma ki ce ƙaramar wuta, babbar wuta, da ɗumi.

Tuzuru Mai Risho:
Tukunyar sannu, yauwa sannu kadai. Tambaya ta gaskiya dai: a ina za a samu wutar awa shida ba a ɗauke ba?

Hajiya daga Amurka:
Ba ta cin wuta kamar hita. Galibinsu wat 200 zuwa 300 ne, mai sola da inbata mai ɗan ƙarfi zai iya da rana. Amma in da nama a ciki aka ɗauke wuta ba kya gida, ba ki san awa nawa ya yi a ɗumi ba, kada a ci.

Maman Nusaiba:
To ga abin da zan yi. Farkon shiri zan ce "tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, wadda a kanti za ku tambaya da sunan slow cooker", don dole su san abin da za su ce wa mai shago. Daga nan sai tukunyar dahuwar sannu har ƙarshe. Dankalin kuma ɗan rakiya. Malam ka yi haƙuri, zan ambaci masulali sau ɗaya in ce wani malaminmu ne ya ba da shawara, masu saurare su yanke.

Malam Tsoho da Alli:
Kalma uku a inda guda ta isa. Wannan bayani ne, ba suna ba. Amma shirinki ne. Sau ɗayan ma a faɗe shi da karin da ya dace, duka a sama.

Basakkwace:
Ni ban yarda da ko guda ba, amma Allah shi ba da sa'a.

Maman Nusaiba:
Na dawo, an ɗauka lafiya. Dahuwar sannu ta yi mini nauyi a baki, wajen karo na huɗu na ji kaina ina cewa tukunyar sannu kawai, na bar shi haka. Masulali na faɗa, mai haɗa sauti ya tsayar da ɗauka ya ce in maimaita, ya zaci tuntuɓen harshe na yi. Da muka fito na ji yana gaya wa direba wai Hajiya ta kawo a-ɗora-a-manta, a zo a ɗanɗana. Ban san inda ya ji ba, sai dai in yana cikin zauren nan. Dankalin ya ɗan yi ruwa, na manta da tsumman Anti.

Malam Tsoho da Alli:
Amma dai ba a yanke masulali daga shirin ba ko?

Maman Nusaiba:
Sai ran Asabar in an sa za mu ji, Malam.