Sunan tebur ya bambanta tsakanin DEV da PRD, ina mafita?

Sadiq: Salamu alaikum manyanmu. SAP BW 7.5, manhajar rumbun bayanai ta kamfanin SAP, ce ta sa ni gaba tun safe. Na rubuta ɗan shiri na ABAP, harshen shirye-shiryen SAP, da ke karanto teburin sauye-sauye (change log) na wani DSO na ciniki, wato ma'ajiyar bayanai a BW. A DEV, na'urar da muke gini a kai, sunan teburin /BIC/B0000412000, komai na tafiya daidai. Da aka tura QAS, na'urar gwaji, sai ya ƙi tashi, wai babu tebur mai wannan suna. Na leƙa PRD, na'urar ainihin aiki, ta SE16 mai nuna abin da ke cikin tebur, sunan yana nan, amma bayanan kayan sito ne a ciki. Tiransifot ɗin da ke kai aiki daga na'ura zuwa na'ura ne ya lalace ko yaya?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Tiransifot ɗinka lafiyarsa ƙalau, ƙanena. Abin da yake ɗauka shi ne tsarin DSO ɗin, ba teburin da ke ƙarƙashinsa ba. Sai ya isa can an kunna shi, sannan na'urar can ta ƙirƙiro nata teburin ta ba shi lamba ta gaba a jerinta. Kamar lambar layi ce a banki, wanda ya riga zuwa shi ke karɓar ta gaba. A DEV kun ƙirƙiri abubuwa barkatai kun goge, sun cinye lambobi, PRD kuwa bai taɓa ganinsu ba. To ta ina lamba za ta zo ɗaya?

Ka ma gode Allah da ya tsaya a QAS. Da a ce teburin da ke PRD ginshiƙansa sun yi kama da naka, shirin zai tashi lami lafiya ya riƙa ba mutane lissafin ƙarya ba wanda ya sani.

Sadiq: Innalillahi. To duk teburan haka suke?

Malam Habibu: A'a. Waɗanda aka gina sunansu daga sunan abin ba sa canzawa. Idan DSO ɗinka ZCINIKI ne, teburin bayanan da aka kunna /BIC/AZCINIKI00 ne a ko'ina, na sababbin shigowa kuma ya ƙare da 40. Haka /BIC/F da /BIC/E na InfoCube, haka /BIC/P da /BIC/S na InfoObject, su ma wasu nau'ikan abubuwan BW ne. Na SAP kansu da /BI0/ suke farawa. Masu rikicin su ne masu /BIC/B da lambobi, wato PSA, inda bayanai ke fara sauka in sun shigo, da teburin sauye-sauye.

Bilkisu: Shawarata Sadiq, kada ka sake rubuta sunan a cikin shiri. Akwai teburin RSTSODS, nan na'urar ke ajiye wane suna ta ba wane. Ka nemi ODSNAME da ya fara da 8 sai sunan DSO ɗinka, ainihin sunan teburin yana cikin ODSNAME_TECH. Ka zuba shi a mazubi (variable), ka yi SELECT da mazubin maimakon rubutaccen suna. Shiri ɗaya, ya yi aiki a wuri uku.

Amma ka lura, PSA na iya samun zubi fiye da ɗaya idan an taɓa canza tsarin DataSource, wato hanyar da bayanan ke shigowa. Za ka ga ɗaya ya ƙare da 000, wani da 001. Ka ɗauki wanda ranar ƙarewarsa ke cikin shekarar 9999, shi ne mai aiki yanzu. In ba haka ba tsohon za ka yi ta karantawa kana mamakin ina bayanan jiya suka shiga.

Nura: Mu a wajenmu ba mu tsaya wannan dogon zancen ba. A teburin TVARVC da ake cikewa da hannu muka sa sunan, kowace na'ura da nata, a cike ta STVARV. Minti biyu an gama.

Bilkisu: Yaya Nura, wa zai tuna ya gyara shi ranar da aka kwafo PRD aka ɗora kan QAS? Ko ranar da aka goge DSO aka sake ƙirƙira? Abin da na'ura ta riga ta sani, me zai sa ka sake rubuta shi da hannu?

Nura: In an kwafo PRD ai sunayen da abin da ke TVARVC tare suke tahowa, sun dace da juna. Na biyun dai na yarda, nan sai an tuna.

Injiniya Lawal: Kwafin nan ma wani tarko ne daban. Bayan an yi shi sunayen QAS da PRD sun zama iri ɗaya, sai sabon ma'aikaci ya duba ya ce ai ba sa bambanta, ya rubuta suna a shiri. Wata biyu an kai sababbin abubuwa, kowa ya kama hanyarsa.

Wanda kuma ke kan HANA, databes ɗin SAP, ya ƙara da sunan sikima, wato rukunin da tebura ke zaune a ciki. Wani wuri SAP ne haɗe da haruffa uku na na'urar, wani wuri SAPABAP1 ko SAPHANADB. Tsofaffin calculation view ana daidaita musu wannan a _SYS_BI.M_SCHEMA_MAPPING, amma idan ka rubuta sunan sikima da hannu cikin SQL sai ka bi ka gyara da kanka. Masu Oracle sun san irin wannan da SYS_C ɗin nan da take raɗa wa ƙa'idar tebur in ba ka ba ta suna ba.

Malam Habibu: Duk mun ba ka amsar da ka tambaya, amma ni ga tawa tambayar. Me kake nema a teburin sauye-sauye tun farko?

Sadiq: Masu binciken kuɗi ne ke son ganin yadda farashin kowane oda ya canza cikin shekara.

Malam Habibu: To ai nan gizo ke saƙar. Wannan teburin ba ma'ajiyar tarihi ba ce, don ciyar da na gaba aka yi shi, kuma galibi akwai aikin da ke share tsofaffin cikinsa lokaci lokaci don kada ya cika rumbun. Ka tambayi masu kula da PRD kwana nawa suke bari. Abin da zan ba ka shawara, ka buɗe DSO daban wanda ba ya taka tsohon bayani, ka ja sauye-sauyen ta DTP, mai kwashe bayanai daga wani abu zuwa wani, su taru a can. Sunansa naka ne, ba lambar na'ura ba.

Bilkisu: In za ka gina sabo ma ka yi ADSO, sabon nau'in DSO, kawai tunda kuna kan 7.5, in dai HANA ce a ƙasa. Can teburan 1, 2, 3 ne a ƙarshen suna, na shigowa, na kunnawa, na sauye-sauye, babu lambar da ke yawo. Kuma ka rage wa kanka aiki in an tashi komawa BW/4HANA, magajin BW, inda PSA ɗin ma babu shi.

Sadiq: Na tambaye su yanzu, kwana talatin suke bari. RSTSODS ɗin ya fito da sunan daidai a QAS, zan bar shi haka na wannan watan. Anti Bilkisu, HANA ce. Gobe in na zana ADSO ɗin zan turo miki ki duba min makullansa kafin in kunna.