Mushen fizik ya aje alli ya tahi Jado, mi za mu yi?

Uban ɗalibai, Tawa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ɗiyata tana tarminal D a wata lise nan Tawa, tun bayan hutun Disamba ba su sake ganin mushen fizik, wato malaminsu na fizik, ba, wai ya bi ƴan haƙar zinariya Jado. Yau wata biyu ke nan, awowinshi yara na zaune ƙarƙashin bedi suna hira, ga bak, jarabawar ƙarshen lise, na tahowa kuma kowa ya san in ka faɗi fizik da mat a seri D to sai dai baɗi. Don Allah mi ke korar malaman kimiyya haka ne?

Ɗan kwantaragi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma malamin kimiyya ne, SVT nike koyarwa, wato kimiyyar rayuwa da ta ƙasa, kada ka zage shi tukuna. Mutum ya yi shekarunshi a jami'ar Abdu Mumuni ya hito, a ɗauke shi kwantaragi, a tura shi ƙauye can wajen Keita, kuɗɗin wata su yi latti, mai gida na jiran haya, mai shago ya rufe maka littafin bashi, kuma abokinka da kunka zauna benci guda yana matatar mai ta Damagaram ko kamfanin yuraniyom na Arlit ya sayi mota. Wanda ya iya lissafi ai shi ka fara lissafa wannan. Ni abin da ya hi ci mini rai ma ba kuɗɗin ba ne, shekara huɗu ina zana maikuroskop a allo da alli, yarana ba su taɓa leƙa ido cikinshi ba. Labo ɗinmu an maida shi magaza, tebura karyayyu ne cike.

Malama mai ritaya, Yamai:
Ɗana ka faɗi gaskiya, amma a labo ɗin nan ban bi ka duka ba. Shi Abdu Mumuni da anka sa ma jami'ar sunanshi, ɗan Tasawa ne, kuma da ranar nan mai ƙona mu ya yi aikinshi a ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta Nijar, har murhu mai dahuwa da rana sunka ƙera. Ni da ruwan lemun tsami da kanwa na koyar da asid da baz, da fatar albasar Galmi munka duba sel, maikuroskop guda tal, aro ma. Kuma tunda a 2025 anka ce Hausa ce harshen ƙasa, a bar malami shi yi bayani da ita mana, yaro na hardace faransanci bai san mi yake faɗi ba.

Ɗan kwantaragi:
Hakane Inna, ranki shi daɗe, amma ke kin shiga da matrikil ne tun farko, wato lambar cikakken ma'aikacin gwamnati, kin san fansho na jiranki. A ba mu wannan a gani in wani zai tahi Jado.

Uban ɗalibai, Tawa:
To na gode. Mu dai iyaye mun yi karo-karo, mun samo wani ɗalibin jami'ar Jibo Hamani zai riƙa zo musu Asabar da Lahadi. Akwai wanda ke da tsofaffin suje na bak D ya turo mini ta WhatsApp?