Ɗan kwangila ya ɓata min banɗaki kuma yana neman cikon kuɗi, hukumar lasisi zan kai shi ko kotu?

Uwar_Biyu:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar gini ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle wallahi. Mun ba wani ɗan kwangila aikin gyaran banɗakin sama, a cire tsohon tayil a sa sabo a canza bututun ruwa, mun yi takarda kowa ya sa hannu, har lambar lasisi ya rubuta a jiki. Ya gama ya miƙa, ba a jima da fara amfani da wajen ba sai ga tabo a silin ɗin falon ƙasa, yanzu fenti har ya kumbura yana ɓarewa, in ana wanka a sama zaka ga ɗigo. Ruwan wankan ma baya gangarawa magudana, lungun ƙofa yake taruwa sai an kore shi. Tayil kuma wasu in ka ƙwanƙwasa sai kaji ƙara kamar ganga.

Na kira shi ya turo yaronsa ya shafa farin gam a gefe-gefe ya tafi, yoyo bai tsaya ba. Da na sake magana sai yace ai gidan ne ya tsufa ba aikinsa bane. Yanzu baya ɗaga wayata amma ya iya turo saƙo yana neman cikon kuɗinsa, kashi 20 cikin ɗari ne ya rage a hannunmu. Maigidana yace kawai a kira wani a fasa a sake a huta, ni kuma raina bai kwanta ba, haka zai je ya yi wa wani. In na kai ƙorafi hukumar da ta bashi lasisi zasu sa ya dawo min da kuɗina? Kuma cikon nan in riƙe ko in bashi?

TsohonMagini:

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Kafin komai ki roƙi maigida kar a fasa ko tayil ɗaya tukuna, don ranar da aka fasa shaidarki ta tafi a buhun shara, gobe in an zauna zai ce ai wanda ya zo bayansa ne ya ɓata, kuma ba mai iya ƙaryata shi. A daina wanka a saman dai.

Abin da kika faɗa ni a wajena ba tsufan gida bane. Ruwa ya taru a ƙofa maimakon magudana, wannan daɓen ƙasa ne ba a bashi gangara ba, ana so ya sauka kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita ɗaya zuwa bakin magudana, tsufan gida baya canza wannan, hannun wanda ya yi ne. Tayil mai ƙarar nan kuma gam ne aka ɗiga masa a kusurwa huɗu da tsakiya don a yi sauri a rage kaya, ƙasansa fayau, shine yake fashewa daga baya. Yoyon kuwa abu biyu ne, ko mahaɗar bututu ce ba a ɗaure da kyau ba, ko kuma ba a shafa maganin hana ruwa ba kafin a ɗora tayil, kuma mutane da yawa basu san tayil da abin da ake cike tsakaninsa basa tare ruwa ba, abin da ke ƙarƙashi ne ke tarewa. Mai aikin kirki in ya shafa ya bushe sai ya toshe magudana ya tara ruwa ya bar shi awa 24, in bai ragu ba kuma ƙasa bata nuna danshi ba sannan ya fara tayil. Ki tambaye shi a rubuce ko ya yi wannan gwajin.

Da kika ce ɗigon sai ana wanka yake zuwa, hankalina ya fi tafiya kan magudana ko daɓen, don in bututun shigo da ruwa ne dare da rana zai riƙa zuba. Ki samo injiniya ko mai duba gini wanda bashi da alaƙa da shi kuma ba neman aikin gyaran yake ba, ya duba ya rubuta rahoto da sa hannu, ke kuma ki ɗauki hoto da bidiyo, ki zuba bokitin ruwa ki ɗauki inda yake tafiya.

Mai_Bin_Takarda:

Baba ya gama magana ta ɓangaren aiki, ni bari in taɓa ɓangaren hukuma don nan ne mutane suke shan mamaki. Ƴar uwa hukumar lasisi aikinta na farko hukunta mai lasisi ne, ba karɓo miki kuɗi ba. Abin da ke hannunsu shine su ja masa kunne a rubuce, su ci shi tara, su dakatar da lasisin, in abin ya yi muni su soke shi gaba ɗaya, kuma tarar nan aljihun hukuma take shiga ba naki ba. Wasu hukumomin suna sasanci tsakani ko su umarce shi ya gyara ko ya biya, kuma gaskiya da yawa daga cikin ƴan kwangila ranar da takardar hukuma ta iso su sai wayarsu ta gyaru, don lasisin nan da shi suke ci. Amma kar ki zauna jiransu kaɗai, bincike yana ɗaukar watanni, lokacin shigar da ƙara a kotu kuma baya jiran kowa.

Baki faɗi inda kike ba kuma doka ta bambanta sosai, bari in baki misali da Kalifoniya a Amurka don tsarinsu a fili yake. Hukumarsu ta lasisin ƴan kwangila, CSLB, tun 1929 take. A aikin gyaran gida ɗan kwangila bashi da ikon karɓar kafin alƙalami sama da kashi 10 cikin ɗari ko dala 1,000, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki. Kowane mai lasisi sai ya ajiye lamunin dala 25,000 ta hannun kamfanin da ya tsaya masa, tun farkon 2023 aka ƙara daga 15,000, kuma mai gida da aka cuta zai iya neman diyya daga ciki, sai dai in mutum goma ya cuta duk wannan kuɗin ɗaya za a duba. Ƙorafi suna karɓa har shekara 4 in aibin a bayyane yake, shekara 10 in ɓoyayyen aibi ne a jikin ginin. Kotun ƙananan ƙararraki kuma har dala 12,500 mutum zai iya nema ba tare da lauya ba. Ki nemo makamancin waɗannan a inda kike, musamman wa'adin.

Batun cikon kuɗi, kar ki yi shiru kawai ki riƙe. Ki rubuta masa wasiƙa da kwanan wata, ki lissafa aibin ɗaya bayan ɗaya, ki haɗa da rahoton injiniyan, ki bashi wa'adi ya zo ya gyara, ki faɗa a ciki cewa kin riƙe cikon ne har a gyara. A wurare da yawa ɗan kwangilar da ba a biya ba yana iya ɗora da'awar bashi a kan takardun gidan, sai kin zo sayarwa ko karɓar rance abin ya tare ki, shi yasa ake so dalilinki ya zama a rubuce tun yanzu.

Kafinta_Na_Gaskiya:

Ni dai zan faɗi tawa ko ba za a so ba, sana'ar nan nake ci kuma ba kullum ne laifin mai aiki ba. Sau nawa zaka ce wa mai gida a sayi maganin hana ruwa yace tsada ya yi a bari, ko ya siyo tayil ɗinsa mai araha wanda ko girmansu bai zo ɗaya ba, ko ana cikin aiki ya canza wajen magudana da baki, in abu ya lalace sai ya manta duk wannan. Hajiya ban ce ke kin yi ba, tambaya nake, wa ya sayi kaya, kuma a takardar an rubuta za a shafa maganin? Sannan dan Allah a bashi dama ta gaske ya zo ya gyara kafin a taɓa lasisinsa, akwai lebura da yara da suke ci a ƙarƙashinsa. Amma fa in an biya shi kuɗin magani bai shafa ba wannan ha'inci ne, ni ma bana goyon baya, irinsu ne suka sa ba a yarda da mu.

Uwar_Biyu:

Nagode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Malam Kafinta shi ya sayi komai, a takarda akwai layin maganin hana ruwa da kuɗinsa daban kuma mun biya, ban canza komai ba. Dama kuwa ai na bashi, gam ya turo a shafa. Na karanta wa maigida maganar Baba ya yarda a dakata da fasawa. Wani abu kuma, na shiga shafin hukumar na sa lambar lasisin, tana aiki amma sunan da ya fito ba nasa bane ba kuma sunan da ke kan takardarmu ba, wannan matsala ce?

Mai_Bin_Takarda:

Toh wannan ai ya fi yoyon girma. Zai iya yiwuwa ma'aikacin wancan kamfanin ne, amma in haka ne sunan kamfanin ya kamata ya fito a yarjejeniyar kuma asusunsu ya kamata kuɗin ya shiga. In ba haka ba aron lasisi ya yi, kuma hukumomi basa wasa da wannan, shi da wanda ya ara masa duk suna ciki. A Kalifoniyan da na ambata wanda ya yi aikin da ke buƙatar lasisi alhali bashi da shi ba zai iya kai mai gida kotu neman kuɗinsa ba, mai gidan ne ma zai iya neman duk abin da ya biya ko da aikin ya yi kyau. Ba ko'ina haka yake ba, a Ingila misali babu lasisin magini na bai ɗaya, sai dai aiki irin na gas dole mutum ya yi rajista da Gas Safe, wato rajistar masu aikin gas, can da dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ake kama su, wadda tace dole a yi aiki da ƙwarewa da kulawar da ta dace, in ba haka ba a sake ko a rage kuɗi.

Ki ɗauki hoton shafin nan yau da kwanan wata a jiki, ki duba rasit ko shaidar tura kuɗi sunan wa ya karɓa, ki kuma tambayi ofishin da ke bada izinin gini ko aikin bututun na buƙatar izini da dubawa, in yana buƙata da sunan wa aka karɓa. Kar ki kira shi ki gaya masa abin da kika gano, kuma kar ki sa sunansa ko hotonsa a Facebook cikin fushi, sai ya juya ya ce kin ɓata masa suna. Da rahoton injiniya ya fito ki tura wasiƙar ta hanyar da za a samu shaidar ya karɓa, ki shigar da ƙorafin hukuma a makon, sannan ki kai takardun wajen lauya ko na zama ɗaya ne ya duba miki wa'adi.

TsohonMagini:

Hajiya in injiniyan ya zo kice ya ɗaga tayil ɗaya kusa da magudana a gabanki ana ɗaukar bidiyo, in da hali a aika wa ɗan kwangilar saƙo ya zo ya gani da idonsa, in bai zo ba saƙon na nan. Tayil ɗin da aka ɗaga ki adana shi da gam ɗin da ke bayansa. Kuma a kashe wutar falon ƙasa ta wajen da ke ɗigon nan har sai mai wuta ya duba.