Ruwan sanyaya injin CNC ɗina yana wari, wanne zan koma?

Salamu alaikum, masu aikin ƙarfe. Ina da injin CNC, mai yanka ƙarfe da umarnin kwamfuta, a wurin aikina a Sharaɗa, Kano. Yawanci alminiyam nake yankawa, wani lokaci baƙin ƙarfe. Ruwan sanyayar da nake zubawa man nan ne da ake damawa da ruwa ya koma fari kamar madara, kashi 6 cikin 100 nake haɗawa.

Da injin ya kwana biyu ba a tayar ba, sai tankin ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai, man gadon injin, wato man da ke sa sassansa su zame, yana yawo a saman ruwan. Na kwashe, na wanke tankin tas, na yi sabon haɗi, ba a jima ba warin ya dawo. Ga tsatsa ta fara cin teburin, hannun yarona kuma duk ƙuraje. Da ruwan burtsatse nake haɗawa, wanda ko sabulu da ƙyar yake kumfa a cikinsa, ruwan nake zargi.

In koma sintetik ne, wanda babu mai a ciki? An ce wasunsu suna baƙanta alminiyam. Ko ruwan zan canza? Don Allah wanda ya gwada a wannan zafin namu ya ba ni shawara.